Ta yaya za a rubuta wa matasa labarin almara mai ɗauke da imani ba tare da an taɓa aƙida ba?

Malamar Islamiyya, Gangare, Jos

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da marubuta da iyaye a kan wani aiki da na sa a gaba. Ina koyar da 'yan mata masu shekara 13 zuwa 17, kuma na daɗe da lura cewa abin da suka fi karantawa a wayoyin yayyensu shi ne labaran da ake turawa shafi-shafi a WhatsApp, waɗanda ko dai na soyayya ne da bai dace da shekarunsu ba, ko kuma na matsafa da zobban sihiri, inda jarumi ba ya cin nasara sai da taimakon bokan da ya fi na abokin gabarsa ƙarfi. Ba na ganin laifin yaran, domin ƙuruciya tana son abin al'ajabi, kuma littattafan tarbiyya da muke ba su, duk da kyawun abin da ke cikinsu, ba sa hana yarinya barci don ɗokin ta ji abin da zai faru a gaba.

Wannan ne ya sa na fara rubuta musu wani dogon labari mai ƙamshin tatsuniya. Labarin wata yarinya ce 'yar shekara 15 wadda ƙanenta ya ɓace a bakin ɗaya daga cikin kududdufan da haƙar kuza ta bari a bayan gari. Kowa ya haƙura cewa ruwa ya ci shi, har an yi zaman makoki an watse, amma ita zuciyarta ta ƙi yarda. Wata tsohuwa mai wankin kuza ta nuna mata hanyar wani gari da ke ƙarƙashin ruwan, garin da babu rana babu wata, har mutanensa sun manta lokutan salla saboda ba sa ganin alfijir ko faɗuwar rana. Sarkin garin yana ba kowa abin da ya roƙa, da sharaɗin mutum ya yi rantsuwa cewa ba zai sake ɗaga hannu ya roƙi kowa ba sai shi.

Da na nuna wa wata abokiyar aikina babi uku na farko, sai ta ce mini in ji tsoron Allah, domin wannan ƙarya ce tsagwaronta, ta kuma kawo mini hadisin da ya yi gargaɗi ga mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya. Ta ƙara da cewa sa aljanu da sihiri a littafin yara koya musu tsoron wanin Allah ne. Maganarta ta tsaya mini a rai, domin ba na son in gyara wani wuri in ɓata wanda ya fi shi muhimmanci. Sannan akwai matsalar ƙarshen labarin. Na tsara cewa yarinyar za ta karanta Ayatul Kursiyyu a gaban sarkin, shi ya ƙone, fadarsa ta rushe, ta ɗauko ƙanenta su dawo gida. Ɗaya daga cikin ɗalibaina da na ba ta ta karanta ta ce mini tun daga babi na biyu ta san haka za a ƙare.

Tambayata ita ce, ina iyakar abin da ya halatta a ƙaga, kuma ta yaya imani zai kasance cikin jinin labarin ba tare da ya koma wa'azin da yara za su tsallake ba? Ina kuma fatan 'ya'yan maƙwabtanmu Kirista su iya karanta shi ba tare da sun ji an ci zarafinsu ba, tunda a Jos Hausa ce ke haɗa mu a kasuwa da makaranta.

Dattijo mai karatun zaure, Titin Bauchi

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata Malama, Allah ya yi wa wannan niyya albarka. Zan faɗi abin da na fahimta a gaban malamaina, sauran masana kuma su ƙara.

Ƙarya ita ce ka ba mutum labarin da ya saɓa wa abin da ya faru, da nufin ya ɗauka hakan ne ya faru. Wanda ya buɗe littafin da aka rubuta a bangonsa cewa ƙagaggen labari ne, ya san inda ya sa ƙafarsa, babu wanda ya yaudare shi. Hadisin da abokiyar aikinki ta kawo yana nan cikin Abu Dawuda da Tirmizi, kuma gaskiya ne akwai malaman da suka ƙyamaci ƙagaggun labarai baki ɗaya, ba za a raina maganarsu ba. Sai dai mu da muka tashi a zaure mun san cewa ɗalibi ba ya cika gwanin lugga sai ya ratsa ta Maƙamatul Hariri, wanda labarai ne guda 50 a kan wani mayaudari mai suna Abu Zaid as-Saruji da mai ba da labarinsa Haris ɗan Hammam, alhali dukkansu biyun ƙagaggu ne. Marubucin, mutumin Basra da ya rasu a 1122, tun a gabatarwar littafin ya kare kansa da cewa aikinsa kamar misalan da ake bugawa da bakin dabbobi ne don a ilmantar, kuma ayyuka suna tare da niyya. Malaman da suka karantar da mu wannan littafi su ne dai suka karantar da mu littattafan fiƙihu irin su Risala da Muhtasar, kuma ba mu taɓa jin sun kira shi ƙarya ba.

Inda ƙagen yake haramta shi ne a sa wa Annabi ko mala'ika ko sahabi maganar da bai faɗa ba, ko a ƙirƙiro aya ko hadisi, ko a siffanta Aljanna da wuta da abin da nassi bai zo da shi ba. Ki kula da tsohuwarki mai wankin kuza. Ki bar ta a matsayin baiwar Allah mai hikima, kada a ƙarshe ki ce ashe mala'ika ce ko Halliru ne ya sauya kama.

Game da aljanu, ban ga dalilin ɓoye wa yara abin da Alƙur'ani ya saukar da sura sukutum da sunansu ba. Abin lura shi ne irin ikon da za ki ba su. Littattafan matsafa da kika ambata suna ɓata aƙida ne saboda suna nuna aljani ya san abin da zai faru gobe, kuma wanda ya riƙe shi ya tsira. Alƙur'ani ya rushe duka biyun. A Suratu Saba, aya ta 14, an ba mu labarin yadda Annabi Sulaimanu (AS) ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu suka ci gaba da aikin wahala ba su san ya rasu ba, sai da gara ta ci sandar ya faɗi, sannan ta bayyana cewa ba su san gaibu ba. A Suratul Jinni, aya ta 6, an ce wasu mazaje daga mutane suna neman tsari da wasu mazaje daga aljanu, sai suka ƙara musu wahala. Idan kika gina garinki a kan waɗannan ayoyi biyu, kin sami labari kuma kin tsare aƙida: sarkin da kowa ke zaton ya san komai, ashe 'yan leƙen asiri ne gare shi a kowace unguwa, kuma duk wanda ya karɓi kyautarsa, kyautar ce ke zame masa ƙangi.

Yanzu sai ƙarshen labarin, kuma a nan ina tare da ɗalibarki, ko da yake dalilina ya bambanta da nata. Falalar Ayatul Kursiyyu tabbatacciya ce, amma idan a labari aka karanta ta sai maƙiyi ya ƙone nan take, kin cire zoben sihiri daga hannun jarumi ne kawai kin musanya masa da aya, tunanin mai karatu kuwa yana nan yadda yake: akwai wasu kalmomi da in an furta su dole abu ya faru. Yarinyar da ta ginu a kan wannan fahimta, ranar da ta karanta duk abin da ta haddace a kan mahaifiyarta marar lafiya, amma ajali ya zo, me za ta ce a zuciyarta? Addu'a roƙo ce daga bawa zuwa ga Ubangijin da ke amsawa yadda ya so a lokacin da ya so.

Ki koma ki sake karanta ƙissar yaro da boka da mai ibada da ke cikin Sahihu Muslim, wadda masu tafsiri ke kawowa a Suratul Buruji. Duk abin da matashi ke so yana ciki: sarki azzalumi, boka da ya tsufa yana neman magaji, dabbar da ta tare wa mutane hanya, dutsen da ya girgiza da waɗanda suka hau da yaron don su jefo shi, da jirgin ruwan da ya kife da su. Amma yaron bai tsira da ransa ba. Shi ya faɗa wa sarki yadda zai iya kashe shi, wato ya tara jama'a, ya zaro kibiya daga kwarinsa, ya ambaci sunan Allah Ubangijin yaron sannan ya harba. Yaron ya mutu, mutanen garin suka yi imani. Nasararsa tana cikin abin da ya zaɓa. Haka nake ganin ya kamata ki yi wa yarinyarki: sarki ya kawo mata ƙanenta har gabanta, ya ce ta yi rantsuwar nan ta tafi da shi yanzu. Abin da za ta yi a wannan tsayuwa shi ne littafin.

Malamar makarantar Lahadi, Tudun Wada

Ina gaishe ku duka, musamman Baba Malam, wanda na karanta bayaninsa da natsuwa. Malama 'yar'uwata, na ji daɗi da kika tuna da 'ya'yanmu. Ni Kirista ce, da Hausa muke sujada a majami'armu, da ita muke rera waƙoƙi, kuma cikakken Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, amma idan ɗana matashi ya ce yana son labari mai daɗi da Hausa wanda zai ƙarfafa bangaskiyarsa, da wuya in sami abin da zan miƙa masa. Damuwarki tamu ce.

Mu ma muna da wannan gardama a tsakaninmu. Akwai iyayen da ba sa yarda yaro ya taɓa kowane littafi da aka ambaci sihiri a ciki, suna kafa hujja da Maimaitawar Shari'a sura 18, inda aka haramta duba da maita da tuntuɓar matattu. Wasu kuma suna tunatar da su cewa a 2 Sama'ila sura 12, da ƙagaggen labari annabi Natan ya farkar da sarki Dawuda: labarin attajiri mai garkuna da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta matalauci ya yanka wa baƙonsa. Sai da Dawuda ya fusata ya yanke wa attajirin hukunci, sannan Natan ya nuna masa cewa shi ne mutumin. A Littafin Mahukunta sura 9 kuma itatuwa ne ke magana suna neman sarki, zaitun da ɓaure da kurangar inabi duk suka ƙi, itacen ƙaya ya karɓa. Abin da na koya daga Natan shi ne bai fara da tsawa ba. Ya bar mai sauraro ya shiga labarin har ya yanke hukunci da bakinsa, kuma ina ganin wannan ita ce amsar tambayarki a kan wa'azi.

Turawa sun daɗe a wannan fage, kuma hanyoyi biyu suka bi. John Bunyan, wanda ya rubuta labarin tafiyar mai bi zuwa birnin sama aka buga shi a 1678, ya sa wa kowane mutum a labarin sunan halinsa, ta yadda da ka ji sunan ka san ko na kirki ne ko mugu. Manya suna ƙaunar littafin, amma na gwada shi da matasa na ga suna saurin gajiya, domin babu abin da aka bar musu su gano. C. S. Lewis kuwa, a littattafansa bakwai na Narnia da suka fito tsakanin 1950 da 1956, ya ƙagi wata duniya dabam da dabbobi masu magana, inda wani zaki ya ba da ransa a madadin yaron da ya ci amanar 'yan'uwansa. Yaro zai karanta ya yi kuka saboda zakin tun kafin wani ya gaya masa abin da ake nufi. Na san wannan fasali na musamman bai dace da aƙidarki ba, kuma ba ina cewa ki kwaikwaya ba ne. Abin ɗauka shi ne, marubucin da kansa ya bayyana cewa labarin ya faro masa ne daga wani hoto da ya daɗe a zuciyarsa, ba daga jerin darussan da yake son koyarwa ba. Ke ma kina da hotonki, wato garin da ba a ganin alfijir. Ki amince da shi, kada ki biyo bayansa da sharhi.

Game da 'ya'yanmu, roƙona shi ne kada ki rage Musuluncin yarinyar don ki faranta mana. Ki bar ta ta yi alwala, ta nemi alƙibla a garin da babu rana, ta damu da sallar da ta kuɓuce mata. Yaranmu sun tashi suna jin kiran salla, ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Abin da zai kore su shi ne su ga an sa wa mugun labarin suna ko shiga ko harshen da ke nuni da wata ƙabila ko wani addini na garin nan. Duk wanda ya ga abin da ya faru a Jos a 2001 da 2008 da 2010 ya san yadda ƙaramar alama ke zama babban abu. Mugunki shi ne wanda ke son a roƙe shi maimakon Allah, kuma wannan abokin gaba ne da mu da ku duka muka yarda da shi.

Tsohon malamin Hausa, Unguwar Rogo

Malama, sannu da ƙoƙari. Malam ya gama da ɓangaren shari'a, ni zan yi magana a kan sana'ar rubutun, kuma akwai wurin da zan ɗan saɓa masa.

Da farko ki sani ba sabuwar gona kike sharewa ba. A gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko a boko, biyu daga cikin littattafan da suka yi fice na al'ajabi ne: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, inda aka fita neman wani ruwa mai warkarwa har aka shiga hannun aljanu, da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda jaruminsa ya tashi daga yaƙi da Turawa ya faɗa duniyar aljanu. Dukkan marubutan biyu 'ya'yan gidan malamai ne, wa da ƙane ma suke. Daga baya, a Magana Jari Ce, aku ne ke riƙe ɗan sarki da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. Tsararraki sun karanta waɗannan a makaranta. Abin da ya ragu shi ne a rubuta irinsu don yaran yau, da yarinya a matsayin jaruma.

Kin ce kina son ƙamshin tatsuniya, to ƙamshin ba ya samuwa daga buɗewa da "ga ta nan, ga ta nanku" da rufewa da "ƙurunƙus". Yana cikin ginin. Ki tuna tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa yadda kakanninmu suka yi mana ita. An aiki 'yar bora wata hanya mai nisa don a rabu da ita, ta tarar da abubuwan ban mamaki iri-iri, ta gaida kowa da ladabi, ba ta yi wa kowa dariya ba, ba ta taɓa abin da ba a ba ta ba. Da aka ce ta zaɓi ƙwai, ta bar masu kiranta ta ɗauki wanda ya yi shiru, kuma daga cikinsa arzikinta ya fito. 'Yar mowa ta bi hanyar nan ɗin dai, ta haɗu da abubuwan nan ɗin dai, amma da rashin kunya da haɗama, ta kwaso wa kanta masifa. Babu inda mai tatsuniya ta tsaya ta ce ladabi yana da kyau. Hanya ɗaya ce, gwaji ɗaya ne, hali ne ya raba su. Ki yi amfani da wannan: ki sa wata ta bi yarinyarki zuwa garin, ƙawa ko 'yar'uwa wadda mai karatu zai ƙaunata, wadda za ta yi rantsuwar saboda wani dalili da kowa zai tausaya mata. Ki kuma riƙe maimaici, domin tatsuniya tana son abu ya faru sau uku, da 'yar waƙa da ake komawa gare ta. Ƙanen na iya samun waƙar da yayarsa ke yi masa tun yana goye, ta zama ita ce zai gane ta da ita.

Abu na biyu, kada ki ari fada da doki da takobi daga labaran ƙasashen Larabawa, kamar yadda masu littattafan yaƙi suka saba. Jos ta ishe ki. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka yi ta tona wannan tudu don kuza, manyan injina suka bar ramuka da tsibin jar ƙasa daga Bukuru har Barikin Ladi, kuma neman wannan aiki ne ya kawo kakannin yawancinmu nan. Ramukan sun cika da ruwa mai kwanciya lif, ba a ganin ƙasansa, gefensa a tsaye yake ta yadda wanda ya zame ba ya samun abin kamawa. Da ruwan ake noman rani, ana fitar da kabeji da karas da dankalin Turawa, kuma ruwan ne dai ke cin yara masu zuwa wanka. Ki je da sassafe a watan Disamba, lokacin da sanyi ke ratsa ƙashi, hazo ya kwanta a kan ruwan, ki tsaya ki kalli matan da ke wankin kuza da faranti, yadda suke juya shi a hankali har yashi ya tafi baƙin ƙwayar mai nauyi ta zauna a ƙasa. Daga hannunsu za ki samo tsohuwarki. Garin ƙarƙashin ruwan ma ki gina shi da tarkacen zamanin haƙa: tsatsattsun ƙarafa, da layin dogo da ba ya zuwa ko'ina.

Inda na saɓa wa Malam shi ne ƙarshe. Na yarda kada aya ta zama makami, na kuma yarda a kai yarinyar ga zaɓi mai tsanani. Amma ƙissar da ya kawo tarihi ce, naki kuwa almara ce ga 'yar shekara 14, kuma almara tana da alkawari tsakaninta da mai sauraro, cewa wanda ya yi haƙuri zai ga sakamako. Idan ta ƙi rantsuwar sannan ta dawo hannu rabbana, ina tsoron yara za su fahimci cewa riƙon imani asara ne. Ki bari ta sami ƙanenta, amma ta hanyar da ba ta zata ba, kuma bayan ta riga ta fid da rai.

Ɗaliba mai shekara 17, Rikkos

Ina gaida iyayena da malamaina. Ni ina cikin waɗanda ake rubutun dominsu, shi ya sa na ga ya dace in ce wani abu. Malama, abin da ke sa mu ajiye littafin tarbiyya shi ne jarumar ba ta taɓa yin kuskure, ba ta jin haushi, ba ta jin kasalar tashi da asuba a sanyin Jos, kuma duk maganar da ta fito daga bakinta nasiha ce. Ba ma ganin kanmu a cikinta. Ina roƙonki ki bar yarinyar ta ji tsoro, ki bar ta ta yi fushi da iyayenta da suka haƙura da wuri, har ma ta kai ga tambayar kanta dalilin da ya sa addu'arta ta yi jinkiri, domin muna yin irin wannan tambaya a zuciya, ba ma dai faɗa ne. Idan ta kusa yin rantsuwar sannan ta janye, za mu fi yarda da ita fiye da a ce ko kaɗan ba ta girgiza ba.

Sannan ki gajarta babobin, kowanne ya ƙare a inda mutum ba zai iya haƙuri ba, domin yawancinmu a waya muke karatu, kuma wayar ba tamu ba ce. Idan za a samu a karanta shi da murya, ƙannenmu da ba su iya karatun Hausa sosai ba su ma za su amfana.

Malamar Islamiyya, Gangare, Jos

Allah ya saka wa kowa da alheri. Allah ya gafarta Malam, na cire ƙonewar sarkin, kuma ayoyin nan biyu su ne za su zama dokar garin. Tsakanin shawararka da ta Malamin Hausa, ga abin da nake tunani: yarinyar za ta ƙi rantsuwar a gaban taro, sarki ya yi alkawarin hallaka ta kafin wani lokaci da ya ambata, lokacin ya zo ya wuce bai iya ba, mutanen garin su fara gane cewa bai san gaibu ba, su riƙa warware rantsuwarsu ɗaya bayan ɗaya. Ta nan ƙanenta zai kuɓuta, amma ƙawarta da ta yi rantsuwar za ta zaɓi zama, kuma ba zan bayyana makomarta ba. Yaya malamar Lahadi, zan so ɗanki ya kasance cikin waɗanda za su fara karantawa. Ke kuma ɗiyata, na ji roƙonki.

Saura abu ɗaya, Malam. A wuraren da yarinyar ke karatu ko addu'a, in rubuta ayoyin da Larabcinsu ne, ko yaya zan yi?

Dattijo mai karatun zaure, Titin Bauchi

'Yata, kada ki rubuta su da Larabci, ko da haruffan boko ne. Littafin labari ba a ajiye shi inda ake ajiye Alƙur'ani. Yara za su kwanta a kansa, su shiga da shi inda bai dace ba, idan ya yage kuma takardunsa su ƙare a wurin mai ƙosai. Ki ambaci sunan surar kawai, ki ce ta karanta ta, ko ki kawo ma'anar a taƙaice cikin maganar yarinyar, bayan kin duba ta a tafsirin da aka amince da shi. Addu'o'inta kuwa ki bar ta ta yi su da Hausa, da irin kalmomin da yarinya mai neman ƙanenta za ta yi amfani da su. Kafin ki kai wa maɗaba'a, ki ba wani malami da kika yarda da iliminsa ya karanta daga farko har ƙarshe, musamman babin da take tambayar jinkirin addu'arta, domin a tabbatar tambayar ta sami amsa a cikin abin da ya faru daga baya.